Ina Majiya ta faro, ina ta ƙare, kuma ina ruwanta ke shiga da rani?

Ɗan Lazare, Yamai

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Tambayata a kan Majiya ce, ƙoramar nan wadda taswirar Faransanci ke rubutawa Maggia. Duk wanda ya bi babbar hanya daga Yamai zuwa Maraɗi ya san inda ake ƙetare ta wajen Tsarnawa, bayan an wuce Birnin Ƙwanni. A watan Agusta jan ruwa ne yana gudu kamar zai tafi da gada, a watan Maris kuwa ko kaza ba za ta jiƙa ƙafa ba. Daga ina take tasowa, waɗanne garuruwa take ratsawa, kuma shin tana kaiwa kogin Isa, wato kogin Neja? Me ya sa Isa a nan Yamai yake da ruwa shekara duka, ita kuwa wata takwas ko tara rairayi ce? Sannan idan mutum zai yi garkar albasa a bakinta, wane irin wuri zai zaɓa, kuma rijiya mita nawa za ta ci? Allah ya saka da alheri.

Malam Mai Taswira, Tawa

Wa alaikumus salam ƙanena. Majiya ba ta da idon ruwa guda da za a kai ka a ce ga mafarinta. Ruwan sama ne kawai uwarta. Tana haɗuwa daga ɗaruruwan ƙananan gebe da ke gangarowa daga duwatsun Adar a gundumar Buza, ta nufi kudu maso yamma.

Sai ka gane yadda ƙasar take kafin ka gane halin ruwan. Saman duwatsun Adar shimfiɗaɗɗe ne, shi muke kira dabagi, tsayinsa daga mita 500 zuwa 700 bisa teku. Jan dutse mai ƙarfe ya rufe shi kamar murfin tukunya, ruwa ba ya shigarsa sai kaɗan. Ƙarƙashin murfin akwai farin dutse, irin wanda ya sa aka kafa masana'antar siminti a Malbaza, ƙarƙashin wannan kuma laka ce mai laushi. Da zarar ruwa ya samu inda ya fasa murfin, abin da ke ƙasa ba ya iya tsaya masa, sai ya yi ta ci. Haka kwarin ya samu, a wasu wurare daga dabagi zuwa gindin kwari ya kai mita 100. Birnin Ƙwanni kuwa tana wajen mita 270 bisa teku, ka ga irin gangaren da ruwan ke bi.

A sama, wajen Garadume, Ayawane da Tama, duwatsu na tsaye hagu da dama, fadama na tsakiya. Nan ne iskar hunturu ke bin kwarin kamar an hura ta a bututu, tana kwashe ƙasar gona. Saboda haka ne daga 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa layukan dogon yaro, jere biyu-biyu, tsakanin layi da layi mita 100, a gicciye da iska. Wanda ya hau dutse ya dubi kwarin zai gan su kamar an ja su da zare.

Daga nan ta sauko yankin Dogarawa da Malbaza, tana karɓar rassa, har da na wajen Galmi mai albasa. Kwarin ya buɗe, gangare ya ragu, ruwan ya fara ajiye abin da ya ɗauko: tsakuwa da farko, sai rairayi, laka ce ta ƙarshe. Tsakanin Malbaza da Ƙwanni ne aka tare ta da baraji biyu, Mozage a sama, Zongo a ƙasa. Kafin ta iso Tsarnawa, faɗin ƙasar da ke zuba mata ruwa ya kai wajen murabba'in kilomita 2,500. Ta wuce ta gefen Ƙwanni, ta ƙetare iyaka, ta zube a tabkin Kalmalo kusa da Illela ta jihar Sakkwato. A takarda ana lissafa ta cikin dangin gulbin Rima, wanda ke bi ta gulbin Sakkwato ya faɗa kogin Isa, amma a zahiri Kalmalo ne makwancinta. Ruwan da ka gani ƙarƙashin gadar Tsarnawa, kada ka sa rai zai kai Isa.

Abu guda da mutane ke yawan cakuɗawa: kwarin Kaita da na Badagishiri ba Majiya ba ne, su yamma suke nufa, wajen Dallol Mawri. Tarka kuma, wadda ta bi ta Madawa, tana gabas, hanyarta daban.

Mai Awon Ruwa, Tawa

Malam ya gama da hanya, bari in ɗauki maganar ƙafewa da ta rijiya.

Isa baƙo ne a Nijar. Daga duwatsun Gini yake tasowa, inda ruwan sama ya ninka namu sau uku ko huɗu, ya shiga babbar fadamar Mali ya yi watanni yana jan jiki, shi ya sa cikarsa ta biyu ke iso muku Yamai a Disamba da Janairu, lokacin da ko ɗigo ba a yi. Cikar farko, mai jan ruwa ta Agusta da Satumba, daga Sirba, Dargol da Goruwal take, su ma koguna ne na damina irin Majiya. Kuma shi kansa Isa ya taɓa tsayawa a Yamai a watan Yuni na 1985.

Majiya ba ta da mai aiko mata daga nesa. Abin da ya sauka a Adar shi ne nata: milimita 400 zuwa 550 a shekara, tsakanin Yuni da Satumba, mafi yawansa cikin 'yan manyan ruwaye na malka. Rana da iska kuwa suna shanye fiye da mita 2 na buɗaɗɗen ruwa a shekara. Ga lissafin da zai nuna maka dalilin saurinta. Milimita 1 a kan eka ɗaya (hekta nake nufi) lita 10,000 ce, wato mita kubik 10. Ruwan milimita 40 a kan murabba'in kilomita ɗaya ya zama mita kubik 40,000. Idan ƙasa faƙo ce, kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye zai gudu maimakon ya nutse, wato mita kubik 10,000 daga wannan ɗan wurin kaɗai, cikin awa ɗaya ko biyu. Ninka shi da yawan wuraren da hadarin ya rufe. Shi ya sa a sama cikowar ba ta wuce 'yan awoyi, a ƙasa kuma ta yi kwanaki.

Wani abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, bayan farin 1973 da na 1984 ruwan sama ya ragu amma gudun ruwa a gebe ya ƙaru. Itatuwa sun mutu, ciyawa ta tafi, ɗigon ruwa na dukan ƙasa tsirara har ta yi ɓawo, ɓawon ya hana ta sha.

Amma Majiya ba ta mutuwa da rani, ƙasa take komawa. Rairayin da ke cikin kwarin yana riƙe ruwa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na girmansa, kuma rana ba ta iya janyo abin da ya wuce zurfin mita ɗaya. Lakar da ke ƙasa ta tare shi. Wannan ruwan ne ake noman albasa da shi.

Wajen zaɓen wuri, ɗan'uwa, ka je da kaka ka duba itatuwan bakin gulbi. Za ka ga tarkacen kara da ledoji sun maƙale a rassan bagaruwa, duk sun karkata gefe guda: iyakar inda ruwa ya kai ke nan a daminar da ta wuce. Kada ka yi garka a bayan kwana, inda gaɓa take tsaye kamar an yanka ta da wuƙa, can ne ruwa ke ci duk shekara. Cikin kwana, inda yake ajiye ƙasa, ya fi. Ka bar aƙalla mita 30 zuwa 50 tsakanin rijiya da gaɓa.

Rijiya a watan Afrilu ko Mayu ake gina ta, lokacin da ruwan ƙasa ya yi iyakar saukarsa. Wanda ya gina a Nuwamba zai samu ruwa kusa ya yi murna, a Fabrairu albasa na ƙwai rijiyar ta ƙafe. Zurfi ya danganta da wuri: a tsakiyar fadama 'yan mitoci ne, kana matsawa gindin dutse yana ƙaruwa, don haka ka auna rijiyoyin maƙwabta uku ko huɗu da igiya kafin ka biya kuɗin fili. In rijiyar tiyo ce, ana sa tiyon roba mai faɗin milimita 110, a tsattsaga mita 2 zuwa 3 na ƙasansa da zarto, a naɗe da ƙyalle mai tace rairayi, a zuba tsakuwa kewaye. A nutsa shi mita 3 ko 4 ƙasa da inda aka tarar da ruwa. Injin ban ruwa ba ya tsotso daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, komai ƙarfinsa, don haka in ruwa ya yi ƙasa sai a haƙa rami na mita 1.5 ko 2 a saukar da injin ciki. In ta zoben siminti ce, a ɗaga bakinta kusan mita ɗaya bisa ƙasa, in ba haka ba cikowa ɗaya za ta cika ta da laka. Eka ɗaya ta albasa tana shan mita kubik 50 zuwa 60 a rana idan zafi ya fara, ka gwada rijiyar da inji na awa biyu ka ga ko tana mayarwa.

Ɗan Lazare, Yamai

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. To ashe barajojin nan su ne maganin abin? Idan aka ƙara irin su Mozage a sama, ba sai ruwan ya zauna shekara duka ba?

Tsohon Ma'aikacin Fadama, Ƙwanni

Ɗana, baraji ya yi mana rana, ba mai musun wannan, amma yana da ciwon da ke cinsa tun ranar da aka rufe shi. An gina Mozage don ya riƙe mita kubik miliyan 30, Zongo miliyan 15. Mozage shi ne rumbu, ana sako ruwansa zuwa Zongo, daga Zongo babbar hanyar ruwa mai tsawon wajen kilomita 15 ta kai shi ma'ajiyar Cerasa, daga can a raba shi cikin fadamar Ƙwanni mai eka 2,452. An yi aikin kashi biyu, a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, hukumar noman rani ta ƙasa, ONAHA, da ƙungiyoyin manoma ke kula da shi. Da damina ruwan baraji na cike giɓi idan sama ta ɗauke, da rani kuma alkama, masara, albasa da kayan miya.

Ciwon shi ne laka. Jan ruwan nan da kake gani, ƙasar gonakin sama ce yake ɗauke da ita. Da ya shiga baraji ya tsaya, sai ya sauke ta. Kowace damina gindin baraji na tasowa, ruwan na ƙara faɗi yana rage zurfi, kuma ruwa mai faɗi marar zurfi shi rana ta fi so. Tabkin da zurfinsa mita 3 ne, in aka cire abin da rana ke sha daga Oktoba zuwa Afrilu, da abin da ke tsiyaya a hanya, me ya rage? Dalilin da ya sa ke nan da rani ba a iya shayar da fadamar duka, sai wani yanki. An sake gyaran hanyoyin ruwan Ƙwanni da kuɗin hukumar MCC ta Amurka, bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 2016, kuma gyaran hanya na rage asara, sai dai ba ya hana laka saukowa daga Buza.

Sannan ruwan ba namu kaɗai ba ne. Duk abin da aka tare a sama, an rage wa na ƙasa. Mutanen Kalmalo sun ga tabkinsu ya ja baya, fari da barajoji sun haɗu a kansa. Nijar da Najeriya suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mazauninta yana Yamai, kuma a Yulin 1990 suka sa hannu a Maiduguri kan rabon ruwan da suka haɗa a wurare huɗu. Majiya na ciki, da sunan Majiya-Lamido, tare da gulbin Maraɗi, da Tagwai-El Fadama, da Komadugu Yobe. Ba a tashi kawai a ƙara babban baraji ba tare da an zauna da maƙwabci ba.

A ganina, kuɗin da za a kashe a sabon baraji gara a kai shi dabagi da gangaren duwatsu, inda ruwan ke fara gudu.

Magini, Buza

Baba ya faɗi gaskiya, sai dai zan ɗan rage: aikin sama ba ya maye gurbin Mozage, eka dubu biyu da ɗoriya ba za su sha daga rijiyoyin tiyo ba. Abin da yake yi shi ne ƙara wa barajin kwana, da ɗaga ruwan rijiyoyi a ƙauyukan da barajin bai san da su ba.

Ana farawa daga bisa ne a sauko. A kan dabagi da faƙo, gandari: jerin duwatsu bisa layin da ya daidaita, wanda aka fitar da tiyon awo mai ruwa a ciki, tsayinsa santimita 20 zuwa 30, a ɗan binne dutsen farko don kada ruwa ya bi ta ƙarƙashi. Sai rabin wata, faɗin mita 4, wajen 313 a eka, bakinsa na kallon tudu, layi na biyu yana tare giɓin na farko. In an juya bakin ko layin ya karkace, ruwa zai taru a kunne ɗaya ya fasa, ya fasa na ƙasa da shi, a wayi gari an haifi sabon gebe da hannu. A gona kuma tassa, rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30, wajen 10,000 a eka, da ɗan taki a kowanne. Aikin Kaita da ya fara a 1984 da tallafin Italiya ya nuna abin da irin wannan ke yi a ƙasar Adar.

A cikin gebe, gabiyon. Kejin waya ne, wanda aka fi sani mita 2 a tsawo, 1 a faɗi, 1 a tsayi. Dutsen da za a cika shi ya fi idon wayar girma, santimita 15 zuwa 25, a jera shi da hannu, kada a juye da baro, don in an juye yana zama da ramuka, keji ya lotsa. Wurare uku ne yake faɗuwa. Na farko gefe: in ba a shigar da shi cikin gaɓa mita 1 zuwa 2 kowane ɓangare ba, ruwa zai zagaye shi ya bar shi tsaye a tsakiya. Na biyu ƙasa: ruwan da ya zubo ta kansa yana haƙa rami a gindinsa har ya kifa, don haka a shimfiɗa tabarmar duwatsu a gaba, tsawonta ya ninka tsayin bangon aƙalla sau biyu, tushe kuma ya shiga ƙasa rabin mita ko fiye. Na uku tsakiya: dole ta fi gefuna ƙasa, don ruwa ya san inda zai bi. Kuma ba a yin guda ɗaya. Kan na ƙasa ya daidaita da gindin na sama. Gangaren mita 2 cikin 100, da bango mai tsayin mita 1, tsakaninsu mita 50 ke nan.

A babban kwari kuwa akwai bangon baza ruwa, wanda aka yi da yawa a jahar Tawa da tallafin Jamus. Dutse da siminti ne, da mazubi a tsakiyar gulbi, da fukafukai dogaye da suka miƙe cikin fadama hagu da dama. Ba ya ajiye ruwa kamar baraji. Yana tilasta masa ya fita daga ramin da ya haƙa wa kansa ya malala bisa gonaki, ya yi 'yan awoyi ko kwana, ya ajiye laka, ya nutse, sauran ya wuce ga na gaba. Bayan damina ana shuka tumatir, kabewa da dankali a danshin da ya bari. In ƙarshen fiffike bai kai tudu ba, ruwa zai bi ta can ya buɗe sabuwar hanya a gonar wani, rigima ta tashi. Kowace kaka a bi shi a duba tsaga, a toshe kafin ruwan farko.

Mai Awon Ruwa, Tawa

Ƙari kaɗan ga Ɗan Lazare, tunda garkar za ta sa ka riƙa ƙetare gebe da damina. Ruwan Majiya na iya iso maka rana tsaka, sama garau, saboda an yi shi a duwatsu kilomita 30 ko 40 daga inda kake. Alamarsa ƙugi daga sama, sai kumfa da kara da kashin dabbobi a gaba. A radiye, inda hanya ta sauka cikin gebe babu gada, ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da mutum, na santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, na 60 yana tafiya da babba. Kuma jan ruwa ba ya nuna maka ko ya cinye gefen simintin. Ka kafa kara a bakin ruwan ka jira minti 15: in ruwa ya haye karan yana ƙaruwa ne, in ya bar shi a tudu yana janyewa, a ƙananan gebe galibi awa biyu ko uku sun isa.

In kana son sanin yawan abin da ke wucewa ta gaban filinka, auna mita 20 a gaɓa inda gulbin ya miƙe, jefa ɓawon kwalba ko guntun itace a tsakiya, ka ƙirga daƙiƙa. In ya yi daƙiƙa 10, mita 2 ke nan a daƙiƙa. Ninka da 0.8 saboda ruwan ƙasa bai kai na sama gudu ba, ya zama 1.6. Faɗin mita 30 da zurfin mita 1 sun ba ka mita kubik 48 a kowace daƙiƙa. Faɗi da zurfin da rani za ka auna su, ka shafa fenti a jikin dutse ko ƙafar gada kowane santimita 10, ranar cikowa sai ka karanta daga tudu.